Motocin Gwaji A Kan Hanyar Dogondutsi: Shekara Ɗari Na Ƙirar Da Ido Bai Saba Gani Ba

A ƙarshen shekarar 1924 wasu motoci takwas suka tashi daga Yamai suka nufi Damagaram, wadda a wancan lokaci ita ce fadar mulkin mallakar Faransa a Nijar. Hanyar da ta haɗa garuruwan biyu ita ce dai wadda matafiya ke bi har gobe: Doso, Dogondutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa. Babu kwalta, sai rairayi da turɓaya da kwazazzabai. Motocin kuwa ba irin waɗanda aka sani ba ne. Ta gaba tayoyi biyu ne kamar na kowace mota, amma ta baya babu taya ko ɗaya, sai wata doguwar ɗamara ta roba da ke zagaya ƙananan gare-gare tana shimfiɗa wa motar hanya a kan yashi. Kowace tana jan 'yar tirela, kowace kuma an zana mata tambarinta a jiki, wannan buzuzun zinariya, waccan jinjirin watan azurfa.

Kamfanin Citroën ne ya aiko su, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Sun bar Colomb-Béchar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba 1924, suka keta Sahara, suka ratsa Nijar zuwa tafkin Chadi, ba su sauke kaya ba sai a tsibirin Madagaska a watan Yunin 1925, bayan tafiyar wajen kilomita 20,000. Ɗamarar robar nan dabarar wani injiniya ce, Adolphe Kégresse, Bafaranshen da ya yi wa Sarkin Rasha Nicholas na Biyu aikin kula da motoci. Saboda dusar ƙanƙara ya ƙirƙiro ta. Da juyin juya halin 1917 ya kore shi gida, sai André Citroën ya ga cewa abin da ya hana mota nutsewa a ƙanƙara zai iya hana ta kafewa a yashi. Injin da ke jan wannan nauyi duka ƙarfin doki 20 ne, bai wuce na baburan kabu-kabu biyu ba.

Ba su kaɗai ne a fagen ba. A cikin watan Nuwamban 1924 ayarin Gaston Gradis ya biyo sahu da motocin Renault masu ƙafa shida, kowace ƙafa da taya biyu a haɗe, ya bi ta Yamai ya gangara Dahome, wato Benin ta yau. Amsoshi biyu ke nan ga tambaya guda: yaya mota za ta yi tafiya inda raƙumi ne kawai ke da iko? Citroën ya ce a shimfiɗa ɗamara, Renault ya ce a yawaita tayoyi. Daga baya aka gane ɗamarar tana saurin cinyewa, ga nawa, ga wuyar gyara. Taya ce ta yi nasara, mai faɗi, wadda ake rage wa iska in an shiga rairayi, kamar yadda direbobin Agadas ke yi har yanzu.

Fim ɗin da Léon Poirier ya ɗauka na wannan tafiya, wanda aka nuna a Paris a 1926, ya cika da mahaya dawaki da sarakuna da kaɗe-kaɗe. Abin da bai damu ya nuna ba shi ne wanda ya share hanyar. An riga an jibge fetur da kayan gyara zango-zango tun kafin motocin su iso, hanyoyin mulkin mallaka kuwa da aikin tilas ake buɗe su ake kuma gyara su, aikin da ba a soke shi ba sai 1946. Shekara 25 kacal ke tsakanin wucewar motocin nan da ranar da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya, a 1899. Tsofaffin ƙasar Arewa, wato yankin Dogondutsi, da suka ga ƙurar ayarin ba su ga gwajin injiniya ba. Sun ga Nasara ya sake dawowa da wani sabon abu.

Me ya sa kamfani ke ƙera motar da ba zai sayar ba?

Masu tarihin mota sukan fara lissafin motocin gwaji na baje koli daga Buick Y-Job, wadda Harley Earl na kamfanin General Motors ya fitar a Amurka a 1938. Fitilunta na ɓuya cikin jiki, gilasanta na hawa da sauka ba tare da an murɗa hannu ba, kuma guda ɗaya tak aka yi. Earl ya riƙa hawanta zuwa ofis shekara da shekaru. Manufar ba a sayar da ita ba ce. A nuna wa jama'a, a saurari abin da za su ce, sannan a tsinci abin da ya karɓu a zuba cikin motocin kasuwa.

Tun kafin ita akwai masu kai da ƙafa da suka yi nasu. Edmund Rumpler, mai ƙera jiragen sama, ya nuna wata mota mai siffar ɗigon ruwa a Berlin a 1921. Mutane suka ƙi ta saboda muni, amma da aka auna ta a 1979 sai aka tarar tana keta iska fiye da yawancin motocin da ake ƙerawa a lokacin. A Faransa Marcel Leyat ya maƙala wa mota farfelar jirgin sama a goshi, farfelar ce ke jan ta. A Amurka Buckminster Fuller ya yi Dymaxion a 1933, mai ƙafa uku, wadda ake juya ta da ƙafar baya. Uku aka ƙera, ɗaya ta yi hatsari a Chicago direbanta ya mutu, masu kuɗi suka janye hannu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya koma gasar mafarki. Ford ya nuna ɗan ƙaramin samfurin Nucleon, motar da aka ce wata rana makamashin nukiliya zai ja ta. Ba a taɓa sa mata inji ba, kuma gara da aka tsaya nan.

Wadda ta fi dacewa a daɗe a kanta ita ce Chrysler Turbine ta 1963. Injinta irin na jirgin sama ne, ba fistin, ba ruwan lagireto, sassansa kaɗan ne. An ƙera 55, aka ba iyalai 203 aron 50 daga ciki bi da bi, kowa ya hau wata uku ya faɗi ra'ayinsa. Injin ba ya zaɓen abinci: kananzir, man dizal, har man gyaɗa yana sha. Amma yana da tsadar ƙira, yana zuƙar mai cikin gari, yana jinkirin amsawa in an taka totur. Kamfanin ya tattara motocin ya murƙushe mafi yawansu, tara suka tsira.

Batun man gyaɗa kuwa ya girmi Chrysler. A bikin baje kolin Paris na 1900 an kunna wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa zalla, kuma gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka inda gyaɗa ke yi amma fetur ba ya isowa. Dallol Mawri ƙasar gyaɗa ce, matan Dogondutsi da Tibiri da Gecheme sun san matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli tun kaka da kakanni. Sai dai yau litar man gyaɗa ta fi litar man dizal tsada a kasuwa, don haka babu mai hankalin da zai zuba shi a tanki. Dabara na iya yin daidai a ɗakin gwaji, kasuwa ta kashe ta.

Tenere, filin gwajin wasu

Daga shekarun 1950 hamadar Nijar da ta Aljeriya suka zama inda kamfanonin Turai ke zuwa auna ƙarfin ƙarfensu. Berliet ya fitar da T100 a 1957 saboda masu haƙar mai a Sahara, gingimarin da tayarsa ta fi mutum tsayi. Huɗu kawai aka yi. A 1959 da 1960 kamfanin ya tura ayarin manyan motocinsa masu ƙafa shida suka keta Tenere daga Djanet zuwa Fort-Lamy, N'Djamena ta yau. Citroën kuma ya ɗauki 'yar ƙaramar 2CV ya sa mata inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowane da makullinsa da tankinsa, ya raɗa mata suna Sahara. In ɗaya ya mutu a daji ɗayan ya kai ka gida. Ba su kai 700 ba waɗanda aka ƙera.

Sai tseren Paris-Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro bayan ya ɓata a hamada kan babur a 1977. Zagayen farko ya tashi a ƙarshen Disamban 1978, ya bi ta Agadas da Yamai. Shekarun farko kowa da irin haukarsa. A 1981 wani ya zo da gangar jikin Rolls-Royce a kan ƙashin Toyota Land Cruiser da injin Chevrolet. Jan de Rooy, ɗan ƙasar Holan, ya zo a 1984 da babbar motar DAF mai kai biyu, gaba kai baya kai, kowane ɓangare da injinsa. Porsche ya gwada 959 a nan, ya kuma ci tseren 1986 da ita. A 1988 aka ga DAF mai inji biyu, mai nauyin tan goma, tana wuce motar tsere ta Peugeot a gudun wajen kilomita 200 cikin sa'a. A wannan zagaye ne 'yar'uwarta ta wuntsila tsakanin Djado da Agadas, Kees van Loevezijn ya mutu, kamfanin ya fice daga tseren. Mutanen ƙauyukan da motocin tseren suka kaɗe a ƙasashe daban-daban, har da yara, ba kasafai jaridun Turai ke kawo sunayensu ba.

Duk wannan gwaji da aka yi a kan ƙasarmu, tambayar da ake amsawa ta wasu ce: yadda za a kai bututun mai rijiya, yadda soja zai yi sintiri, yadda za a sayar da mota a Paris da hoton hamada.

Motocin da aka ce don Afirka aka yi su

Akwai waɗanda suka yi ƙoƙarin juya tambayar. A Abijan, tun 1963, an riƙa ɗora wa ƙashin Citroën jiki na falankin ƙarfe da ake lanƙwasawa ba tare da manyan injunan matsa ba, aka kira ta Baby-Brousse. Wani Baturen Ingila, Tony Howarth, ya je da nisa fiye da haka. Ya ce mota ta Afirka kamata ya yi a yi ta da katako da gam mai ƙarfi, yadda kafinta zai iya gyara ta, ta yi tsayin ciki, ta yi taushin sifirin. Ya kira ta Africar. A 1984 samfura uku suka taso daga can arewacin Turai mai ƙanƙara, suka keta Sahara har tsakiyar Afirka. Motocin sun yi abin da aka ce za su yi. Kamfanin ne ya kasa: ya karɓi kuɗin masu saye, bai iya ƙerawa ba, ya rushe a 1988, daga baya kotu ta ɗaure Howarth.

'Yan Afirka ma sun gwada. Kenya ta nuna samfura biyar na Nyayo Pioneer a 1990, aikin da Shugaba Daniel arap Moi ya ɗora wa Jami'ar Nairobi, ba a kai ga kasuwa ba. A Najeriya injiniya Ezekiel Izuogu ya nuna Z-600 a Owerri a 1997, ya ce kashi 90 cikin ɗari na kayanta na gida ne; a 2006 'yan fashi suka shiga masana'antarsa suka kwashe zane-zane da kwamin sassan injin. A Kumasi, cikin unguwar makanikai ta Suame Magazine inda Hausa ke cikin harsunan ciniki, masu sana'a da wasu 'yan Holan biyu sun haɗa wata mota mai suna Turtle a 2013 daga tsofaffin sassan motoci iri-iri.

Wace ce ta zauna a tashar Dogondutsi? Babu ko ɗaya cikinsu. Peugeot 404 da 504 ne suka zauna, akori-kura da doguwa, musamman bayan da masana'antar Kaduna ta fara haɗa 504 a 1975, sannan Toyota ta zo ta karɓe fagen da Hiace da Hilux da Land Cruiser. Ba don sun fi kowa dabara ba. Don kayan gyaransu na nan a kowace kasuwa daga Ƙonni zuwa Kamba, kuma yaron makanike na iya kwance injinsu a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar. Ƙera mota guda aikin mutum goma ne masu himma. Ƙera dubu goma iri ɗaya, da kayan gyara, da bashin banki, da wutar da ba ta ɗaukewa, wannan aikin ƙasa ne gaba ɗaya, kuma nan ne duk waɗannan mafarkai suka tuntsure.

Ɗan Sakkwato a Detroit

Wanda ya fi kowa sanin wannan tazara a ƙasar Hausa shi ne Jelani Aliyu. An haife shi a Kaduna a 1966, ya tashi a Sakkwato, ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, maƙwabciyar ƙasar Arewa ta ɗaya gefen iyaka. A 1990 ya tafi Detroit da tallafin gwamnatin jihar Sakkwato ya karanci zanen mota, ya gama a 1994, General Motors ya ɗauke shi. Ya yi aiki a kan Buick Rendezvous da Pontiac G6, ya yi zama a Opel ta Jamus. Zanensa ne aka zaɓa ya zama siffar motar gwaji ta Chevrolet Volt, wadda aka yaye wa lulluɓi a baje kolin Detroit a Janairun 2007.

Dabarar Volt ta cancanci a fahimce ta. Lantarki ne ke juya ƙafafu. Batirin na kai motar wajen kilomita 64, in ya yi ƙasa sai wani ƙaramin injin fetur ya tashi ya yi aikin janareta. Direba ba ya tsoron tsayawa a daji don babu inda zai yi caji. Amma motar da aka fara sayarwa a Disamban 2010 ba ta yi kama da ta baje kolin ba. Da aka sa samfurin a ɗakin auna iska sai aka ga dogon goshinsa da kaifin kusurwoyinsa na cin batir, dole aka sassaƙe shi ya zama mai santsi, ya kuma rasa rabin kwarjininsa. Wannan ƙaddarar kusan kowace motar gwaji ce, har wadda ta yi sa'a. An daina ƙera Volt a 2019.

Jelani ya koma gida a 2017 ya shugabanci hukumar tsara da bunƙasa ƙirar motoci ta Najeriya, kuma a zamaninsa aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya fara da cire injunan ƙananan bas-bas yana sa musu batir da injin lantarki, daga baya ya shiga ƙera nasa. Ga mutumin Doso, darasin Volt ya fito fili a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa ta layin Birnin Kebbi bayan juyin mulkin Nijar. Motar da ta dogara da wutar gwamnati kaɗai ba ta wannan yanki ba ce tukuna.

Rana kuwa ba a yanke ta. Nijar ta riga ƙasashe da yawa gane haka: Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci cibiyar makamashin rana ta ONERSOL tun 1969, inda aka yi gwajin injin da zafin rana ke juyawa. A Oktoban 2023 ɗaliban jami'ar Eindhoven ta Holan suka tuƙa Stella Terra, mota mai faifan hasken rana a rufinta, kilomita 1,000 cikin Maroko har bakin Sahara ba tare da sun tsaya caji ba. Ɗalibai ne, ba kamfani ba.

Masu gwajin da ba a rubuta sunansu

Duk wanda ya tsaya a garejin bakin hanya a Dogondutsi ko Kore Mairuwa ya san ana ƙira a nan, ko da ba a kira ta da wannan suna ba. Amalanken jaki da na shanu, wanda ya ɗauke wa mata da yara dakon ruwa da itace da damman hatsi, a kan gatarin ƙarfe da tayoyin mota yake tafiya, mai walda ne ya auna shi da ido ya haɗa. Akori-kurar da ke shiga Matankari da Dan Kasari ranar kasuwa an ƙara mata ganyen sifirin, an ɗaga mata bodi, an yi mata marataya a baya. Hiace an sake mata kujeru, an ɗora mata kariya a sama. Injin wannan mota na cikin jikin waccan. Babur mai ƙafa uku na dakon kaya ya shigo, kafin shekara ta zagayo an tsawaita masa akwati.

Ba duka ne abin yabo ba. Ana ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya, birkinta na nan yadda kamfani ya yi shi don rabin wannan nauyi. Ana tula kaya a sama har tsakiyar nauyin motar ta haura, kwana ɗaya mai kaifi ta kife da mutane. Chrysler ya ba iyalai 203 aron mota ya rubuta duk abin da suka faɗa. Gwajinmu fasinja ne ke biyan kuɗinsa, wani lokaci da ransa, kuma babu mai rubuta sakamakon. Makaniken da ya gano irin sifirin da ke jure hanyar Dogon Kiriya yana mutuwa da saninsa, yaronsa ya sake farawa daga tushe.

Tambayoyin ƙasar Arewa kuwa a bayyane suke, kuma ba Paris ko Detroit za su amsa su ba. Mace mai naƙuda a wani ƙauyen Sukukutan cikin damina, yaya za ta isa asibitin Dogondutsi in rairayi da ruwa sun hana motar asibiti shiga? Mai lambu a Dallol, yaya zai kai tumatir da albasa bakin kwalta kafin rana ta dafa su, ba tare da kuɗin mai ya cinye ribar ba? Amsar ba lalle ta yi kyan gani ba. Wataƙila mai ƙafa uku ce mai faffaɗar taya, da rumfar faifan hasken rana, da gadon kwantar da majiyyaci, da sassan da ake samu a shagon kayan babur.

Akwai makarantun da wannan aiki ya rataya a wuyansu: makarantar EMIG ta Yamai, jami'o'in Doso da Maraɗi, makarantar fasaha ta Dan Kasawa, da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi. Abin da ake nema gare su bai kai gina masana'anta ba. Su tura ɗalibai garejin Dogondutsi da na Tibiri da ma'auni da takarda, su zana abin da masu walda ke yi, su auna nauyin da yake ɗauka da tazarar da birki ke tsayar da shi, su gyara inda ke da hatsari, su mayar wa masu sana'ar zanen da sunansu a jiki. Ƙananan hukumomi kuma su sa kuɗin samfuri guda a kasafin shekara, a ba wata cibiyar lafiya ta ƙauye ta yi damina ɗaya da shi, a rubuta duk inda ya karye.